Daga Motar Kara Zuwa Motar Naitiro: Tarihin Ƙaramar Motar Rimot Mai Shan Mai



Da yawanku kun sha cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: wata 'yar ƙaramar mota da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, tana fitar da hayaƙi, tana ƙara kamar rina ta shiga gwangwani, ga mutum can gefe riƙe da rimot yana sarrafa ta. Ita ce ake kira motar naitiro. Injin gaske ne a cikinta, mai fistin da kafireta da kuloci da salansa, kuma mai take sha. Duk wanda ya gani sai ya ji yana so, wasu ma har sun fara duba farashinta a AliExpress. To kafin ka tura kuɗinka, tsaya ka ji tarihinta, domin a cikin tarihin ne za ka gane dalilin da ya sa kowane ƙarfe na jikinta yake yadda yake, da kuma abin da zai same ta idan ta sauka a ƙasa irin tamu.

A GIDA AKA FARA

Wanda ya tashi a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, wato Boɗinga da Sifawa da Shagari har zuwa Tambuwal, ya san cewa ƙera ƙaramar mota tsohuwar sana'ar yara ce. Da kaka ta yi, an yanke dawa, sai yara su bi gonaki suna tsintar kara. A fere ɓawon a yi ƙusoshi da shi, totuwar ta zama jikin mota, a yanka sakaina ko tsohon silifa a yi taya. Da gwangwanin madara da langalanga da waya suka yawaita, sai aka koma motar gwangwani da motar waya mai dogon sitiyari, wadda yaro zai tsaya yana murzawa tayoyin gaba suna juyawa. Abin da yaran ke kwaikwayo shi ne abin da suke gani yana wucewa a kan titi: roka mai bodin katako, da tirela, da Fijo 504.

Ita kanta Fijon tana da alaƙa da yankin. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara aiki a matsayin malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya riƙe shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Yaron da ke jan motar kara da zare buri biyu ke ransa. Yana so motar ta tafi da kanta, kuma yana so ta bi umarninsa ba tare da ya taɓa ta ba. Waɗannan burika biyu su ne tarihin motar naitiro gaba ɗaya, sai dai a Amurka da Turai da Japan aka cika su, kuma sai da aka shafe kusan shekara 70 kafin a haɗa su a mota guda.

RIMOT DABAN, INJIN DABAN

Rimot ya riga zuwa. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa a birnin New York wanda yake juyawa da saƙon rediyo, babu waya babu igiya. Amma kayan rediyon wancan zamani manya ne masu nauyi, ba za su shiga ƙaramar mota ba.

Injin kuwa daga masu ƙera ƙananan jiragen sama na wasa ya fito. A Japan, Shigeo Ogawa ya kafa kamfanin O.S. a 1936, wanda har yau yana ƙera irin waɗannan injina. A ƙarshen shekarun 1930 mutane a Kalifoniya suka fara ɗora injin jirgin wasa a kan ƙananan motoci. Tunda babu hanyar juya sitiyari, sai su kafa turke a tsakiyar fili, su ɗaure motar da wayar ƙarfe, ta yi ta kewayawa kamar akuya a turke. Har yanzu ana wannan wasa, kuma motocinsa kan wuce kilomita 300 a awa.

Matsalar injinan farko ita ce irin fulogin babur suke amfani da shi, mai tartsatsi. Dole motar ta ɗauki koyil da batir, ga nauyi ga yawan lalacewa.

SHEKARAR 1947

Wajen 1947 wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ya fito da fulogi mai garwashi. A cikinsa akwai 'yar siririyar waya mai ɗauke da ƙarfen filatinam. Za ka jona mata batir na volt ɗaya da rabi ta yi ja, ka tayar da injin, sannan ka cire batirin. Daga nan tururin sinadarin mitanol da ke taɓa filatinam ɗin, tare da zafin konewar man, su ne ke riƙe wayar da zafinta. An huta da koyil ke nan.

Wannan shi ya sa man motar naitiro ba fetur ba ne. Haɗi ne na abu uku: mitanol wanda ya fi yawa, da naitiromitan wanda a motoci yakan kama daga kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, sai man da ke sa ƙarafa santsi. Daga naitiromitan aka samo sunan naitiro. Sirrinsa shi ne yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. Fetur yana buƙatar iska kusan ninki 15 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, shi kuwa naitiromitan ko ninki 2 bai cika ba, saboda haka ɗan ƙaramin silinda zai iya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi da yawa. Man santsin kuma, tun farko man zurma ne, ita dai zurmar nan da wasu ke kira cika-gida, wadda ke fitowa a bayan gari. Yana jure zafi sosai, shi ya sa har yau ana gauraya shi da na kamfani.

A watan Disamba na 1947 ɗin ne kuma aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell a Amurka. Ita ce ta ƙanƙantar da rediyo har ya zama na aljihu. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka samu rimot mai bin hannu daidai-wa-daida: ka murza kaɗan taya ta juya kaɗan, ka murza da yawa ta juya da yawa.

DA AKA HAƊA SU

Cikin motocin farko da aka sayar akwai wata Ferrari 250LM da kamfanin El-Gi na Italiya ya fitar a 1966. A 1967 aka kafa ƙungiyar ROAR mai tsara tsere a Amurka. A 1971 kamfanin Associated ya fitar da RC1, mai girman kashi ɗaya cikin takwas na babbar mota, a Ingila kuma Mardave na yin nasa. An yi gasar duniya ta farko a Pomona ta Kalifoniya a 1977, sannan a 1979 aka kafa IFMAR, hukumar da ke kula da wasan a duniya.

Wadda muke magana a kanta, mai siffar salun irin motar gida, ta zo daga baya. Kamfanin Tamiya na Japan, wanda ya shiga harkar a 1976 da Porsche 934 mai batir, ya fitar da Nissan Skyline a kan shasin TA01 a 1991. Mutane suka so ta saboda ta yi kama da motar da suke gani a titi, kuma kowane shimfiɗaɗɗen fili na kwalta ya ishe ta. Ba a jima ba kamfanoni irin su Kyosho da HPI da Mugen da Serpent da Traxxas suka fito da masu injin naitiro.

Ga yadda ta tsere take: girmanta kashi ɗaya cikin goma na babbar mota, faɗinta milimita 200, nauyinta bai kai kilo 2 ba. Injinta sisi 2.1 ne kacal, alhali babur Boxer da muke hawa sisi 100 ne, amma yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti. Tayoyi huɗu ke ja, tana da giya biyu masu canza kansu, kuma gudunta kan kai kilomita 100 a awa. Tankinta sisi 75 ne, wajen minti 5 ya ƙare, shi ya sa a wasan ƙarshe na awa guda sai direba ya samu abokin aiki mai zuba masa mai a gefen fili.

YADDA AKE HAƊA TA

Kala biyu ake sayarwa: wadda aka haɗa aka gama, da wadda ke zuwa gunduwa-gunduwa a leda ka haɗa da kanka. Mai son koyo ta biyun ta fi masa, domin wanda ya ɗaura kowane noti da hannunsa ba ya ruɗewa ranar da ta lalace. Abubuwan da masu wasan suka koya cikin shekaru su ne:

1. Duk inda noti zai shiga ƙarfe, a ɗiga masa gam ɗin riƙe noti, in ba haka ba girgizar injin za ta kwance shi.
2. Tsakanin haƙoran giyar kuloci da babbar giya a bar 'yar rata. Ana saka fallen takarda a tsakani, a matse, a ɗaure injin, sannan a zare takardar.
3. Tsayin shasi daga ƙasa wajen milimita 5 zuwa 6 ne. Saman tayoyi ya ɗan karkata ciki da digiri 1 zuwa 2. Hagu da dama su zama daidai, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe.
4. A saka sifirin mai mayar da totur, a kuma saita rimot ya taka birki idan saƙo ya yanke. Motar batir in wuta ta ɗauke tsayawa take yi. Ta naitiro ci gaba za ta yi da gudu har ta daki bango ko ƙafar wani.

Sabon injin ba a kwasar gudu da shi. Fistin ɗinsa ba shi da ringi, silindar ce aka tsuke ta sama yadda sai ta yi zafi ta buɗe daidai da shi. Don haka tankuna biyar na farko ko fiye ana tafiya a hankali da mai wadatacce, ana barin injin ya huce tsakani, fistin yana ƙasa.

SAITI

Duk bakaniken da ya saba da kafiretar babur ko ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, rabin aikin ya riga ya sani, don shi ma wannan injin mai bugu biyu ne. Kafiretar tana da wuraren murzawa uku: babbar allura mai kula da mai lokacin cikakken gudu, ƙaramar allura ta tashin farko, da notin silo wanda ke barin ƙofar iska a buɗe da kamar milimita 1. Ka murza allura dama ka rage mai, ka murza hagu ka ƙara.

A fara da babbar allura bayan injin ya ɗumama, ana murzawa kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ana gwadawa. Idan mai ya yi yawa motar za ta yi nauyi, ga hayaƙi tuli, ga mai na tsartuwa ta salansa. Idan ya yi kaɗan hayaƙin zai ɓace, ƙarar ta yi tsini, injin ya riƙa yankewa. Wannan na biyun shi ke kashe injin, saboda man santsin a cikin man shan yake. Ka rage mai, ka rage santsi ke nan. Shi ya sa gwanaye ke barin siririn hayaƙi yana bin motar kullum. Zafin kan injin ya tsaya wajen digiri 100 zuwa 120. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga ruwa a kai: in ya ɗauki daƙiƙa 3 zuwa 4 kafin ya ƙafe, lafiya lau, in ya yi tsalle ya ɓace nan take, zafi ya yi yawa.

Ƙaramar allura kuma ana gwada ta da matse tiyon mai kusa da kafireta. Injin ya yi daƙiƙa 2 zuwa 3, ƙararsa ta ɗan tashi, sannan ya mutu. In ya mutu nan take, a ƙara mai.

A nan ne yanayinmu ke shigowa. Iskar sanyi ta fi kauri, iskar zafi ta fi sirantaka. Saitin da ya yi daidai da rana tsaka a Boɗinga cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai bar injin da ƙishin mai da sanyin safiyar hunturu a Janairu. Kowace rana sai an sake sauraron injin.

KULA DA ITA

Babban abokin gabarta a ƙasar Sakkwato ƙura ce. Kwayar rairayi ɗaya ta shiga injin da ba shi da ringi ta isa ta karce silinda, matsi ya tafi, injin ya zama na yarwa. Matatar iskarta soso ce da ake shafa wa mai, kuma cikin hunturu sai a riƙa wanke ta ko canza ta bayan kowane wasa. Kada a tayar da injin babu ita ko na daƙiƙa ɗaya. Sannan mota mai tsayin milimita 5 daga ƙasa ba ta da abin yi a kan burji ko yashi. Shararren siminti ko kwalta mai santsi take so, kuma ba babban titin da tireloli ke bi ba.

Bayan wasa a juye sauran mai daga tanki, a tayar da injin ya ƙone na cikinsa, a ɗiga man kariya ta kafireta da ramin fulogi. Dalili shi ne mitanol yana jawo danshi daga iska, da damina kwana kaɗan ya isa boris ya yi tsatsa.

Ga gargaɗin da ya fi duka muhimmanci. Mitanol guba ne, shan kaɗan yana makantarwa ko ya kashe. Wutarsa kuma da ƙyar ake ganinta da rana. Man yakan zo da launin ruwan hoda ko shuɗi mai kyan gani, don Allah kada a juye shi a robar lemo a gidan da ke da yara.

RANAR DA BATIR YA KARƁE FAGE

Da can rimot yana aiki da wani ɗan kiristal mai lamba, a zangon megahaz 27 ko 40 ko 75. In mutum biyu suka yi lamba ɗaya, motar wannan sai ta bi umarnin wancan. Wajen 2005 Spektrum ya kawo rimot mai gigahaz 2.4, zangon da Wi-Fi da Bluetooth na wayarka ke amfani da shi, aka rabu da wannan rigima.

A shekarun nan ne kuma aka samu motar lantarki marar burushi da batirin litiyam, ɗan uwan na cikin wayarka. Nan da nan motar batir ta kamo ta naitiro a gudu, ga shi babu hayaƙi, babu ƙarar damun maƙwabta, babu neman mai. Kasuwar naitiro ta ja baya, ta koma hannun masu tsere da masu son injin don kansa. Daga baya Tarayyar Turai ta taƙaita sayar wa jama'a man da naitiromitan ɗinsa ya wuce kashi 16 cikin ɗari, saboda ana iya karkatar da shi wajen haɗa abin fashewa.

Manyan motoci ma wannan hanya suka biyo, kuma a nan akwai hannun ɗan Sakkwato. Jelani Aliyu, wanda tun yana yaro yake zanen motoci, ya yi sakandaren gwamnatin tarayya a Sakkwato, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan gwamnatin jiha ta tura shi karatun zayyana motoci a Detroit. Ya kama aiki da General Motors a 1994, kuma shi ya zana samfurin Chevrolet Volt mai lantarki da aka nuna a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, wadda a 2021 ta buɗe tashar cajin mota mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

TO WACCE ZA KA SAYA?

Tambayar farko ita ce mai. Ba a sayar da shi a gidan mai, jiragen sama ba sa yarda a cusa shi cikin kaya saboda mai cin wuta ne, kuma in ka zuba fetur fulogin ba zai riƙe garwashinsa ba. Wanda ya sayi motar bai tabbatar da inda zai riƙa samun mai da fulogi ba, ado ya saya wa kan tebur. Ka fara nemo mai, sannan mota.

In gudu da nishaɗi kake so, mai batir ta fi maka, ko da ƙaramin sola za ka caja ta. In kuwa ƙarar injin ce ta kama ka, akwai manya masu girman kashi ɗaya cikin biyar, masu injin sisi 23 zuwa 30, da ke shan fetur da baƙin mai kamar injin yankan katako. Manta yana bakin hanya, kuma duk mai gyaran janareto ko injin ban ruwa a Shagari zai gane cikinta.

Ita naitiro, amfaninta yanzu na makaranta ne. A tafin hannu ɗaya ga kafireta, ga kuloci, ga giya, ga shokazoba, ga rediyo, ana iya warware su a kan tabarma a mayar cikin yini guda. Makarantar koyon sana'a ko garejin da ke da yara masu koyo zai ci moriyar guda ɗaya fiye da wanda ya saya don ɗaukar bidiyo.

Iyaye da yayye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa da kara da gwangwani, ku bar cewa ɓata lokaci yake. Ku ba shi 'yar motar da ke juya faifai a tsohon rediyon kaset ko DVD, da batirin tocila, da makunni, ku nuna masa yadda zai ɗaura roba daga motar zuwa taya. Burin farko ya cika ke nan, motarsa ta tafi da kanta. Saura rimot, kuma a darasi na gaba in sha Allahu za mu kawo yadda ake sarrafa irin wannan mota da wayar Android ta hanyar Bluetooth, da jerin kayan da ake buƙata.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen irin motar nan kafin ya biya. Allah Ya sa mu amfana.